Neman kalma: kibod maras waya mai yawan katsewa, ana so kafin Litinin

Malamar Kwamfuta, Gusau: Assalamu alaikum. Jama'a a taimaka. Ina shirya takardar darasi da Hausa don ɗaliban ajin gyaran kwamfuta, ranar Litinin za a kai ta bugu. Babin a kan wireless keyboard ne da ke yawan katsewa da kwamfuta. Kalma huɗu suka tsaya mini: shi kansa abin, da dongle, da pairing, da disconnect.

Mai Fassara: Wa alaikumus salam, Malama. Na farko ba gardama, allon madannai maras waya. Dongle kuwa makarɓi, tunda aikinsa karɓar saƙon da allon ya turo. Pairing haɗawa, disconnect katsewa. An gama.

Mai Gyara, Tudun Wada: Ba a gama ba, ranka ya daɗe. A shago kibod muke cewa, kuma in ka ce wa yaron yau "maras waya" sai ya ɗauka wanda ba shi da wayar hannu kake nufi. Sannan Malama, kafin a kai ga kalma ki raba musu kibod ɗin gida biyu. Akwai mai zuwa da ɗan ƙaramin abin da ake cusawa a ramin USB, wato dongle, akwai mai Bluetooth wanda ba ya buƙatarsa. Dukansu a zangon gigahaz 2.4 suke magana, nisansu wajen mita 10 in babu shinge, amma ciwonsu ba ɗaya ba ne. Mai dongle yana aiki tun kwamfuta tana tashi, har cikin BIOS, wato shafin saitin da ke zuwa kafin Windows. Mai Bluetooth yawanci sai Windows ta gama buɗewa.

Dattijon Harshe: Ku yaran nan kun manta cewa wireless ba baƙuwa ba ce a Hausa. Wayar iska iyayenmu suka kira ta tun zamanin Turawa. Allon wayar iska, ko a taƙaice allon iska. Ba na son in ga "kibod" a takardar da za a ba ɗalibai.

Mai Gyara, Tudun Wada: Baba, Allah ya ƙara girma, a ce "allon iska" a ajin samari? Ranar ba darasi.

Ɗan Mafara: Ni ga tawa, kuma ku saurara da kyau. Pairing ɗaurin aure na. Disconnect yaji na. In anka goge haɗin gaba ɗaya, wannan saki na. Kibod da ka tahiya shina dawowa da kainai ba a sake shi ba, yaji ya kai. Duk ɗan Zamfara da ya ji wanga bayani sau guda ba shi mantawa.

Mai Fassara: Allo namiji ne, kibod ma haka. Tun yaushe namiji ya fara yaji?

Ɗan Mafara: To a juya. Kwamfuta ta mace, ita ka yi.

Injiniya, Kaura Namoda: Ku bar dariya, Ɗan Mafara ya taɓo ainihin wurin. Haɗawa da katsewa kaɗai ba za su ɗauki babin nan ba, domin abu biyu ne daban. Pairing sau ɗaya ake yi: na'urorin biyu su yi musayar mabuɗin sirri, kowa ya ajiye. Bayan nan kullum haɗuwa kawai suke yi. Kibod da ke ɗaukewa daƙiƙa biyar ya dawo, mabuɗinsa yana nan, hanya ce ta lalace. Ɗalibin da bai san bambancin ba zai yini yana gogewa yana sake haɗawa, alhali batir ne.

Ga yadda nake bi, Malama, daga mai arha zuwa mai wahala. Batir tukuna. AA ko AAA sabo bolt 1.5 ne, in mita ta nuna ya gangaro ƙasa da 1.2 a canja duka biyun lokaci guda, kar a haɗa sabo da tsoho. Mai caji irin NiMH dama 1.2 yake bayarwa, kar a yanke masa hukunci da wancan ma'aunin. A leƙa gidan batir ɗin: in an ga farin gari a kan sifirin, batir ya taɓa yoyo, a goge da auduga da ɗigon ruwan lemun tsami, a bari ya bushe sarai. Sifirin da ya lanƙwashe shi ma yana sa wuta ta ɗauke duk lokacin da aka buga da ƙarfi.

Na biyu, ramin da aka cusa dongle. Ramin USB 3.0, mai shuɗin harshe a ciki, yana fitar da hayaniya daidai zangon 2.4, musamman in an jona masa filash ko hadis (hard disk) na waje. Kamfanin Intel ya fitar da takarda a kan haka a 2012. A mayar da dongle ramin USB 2.0 mai baƙin harshe. In kwamfutar tebur ce kuma an cusa shi a baya, akwatin ƙarfen ya tare shi, a sayi 'yar igiyar ƙari a fito da shi saman tebur kusa da kibod. Wannan 'yar igiyar tana warkar da fiye da yadda mutane ke zato. Rauta ko MiFi da ke zaune gefen kibod a matsar da ita, ko a mayar da waifai zangon gigahaz 5 in tana da shi.

Mai Gyara, Tudun Wada: Na uku, kwamfutar da kanta ke kashe ramin don tsimin wuta, an fi gani a laftof da ke kan batir. A shiga Device Manager, a buɗe Universal Serial Bus controllers, kowane USB Root Hub a shiga Power Management a cire alamar da ta ba kwamfuta izinin kashe na'urar. Haka za a yi wa na'urar Bluetooth in shafin yana nan. A Power Options kuma a kashe USB selective suspend. Alamar wannan ciwon ita ce sai an bar kibod ya ɗan huta yake ɗaukewa, ba ana tsakar bugu ba. Amma a sani shi ma kibod ɗin yana da nasa barcin, harafin farko ya ɗan yi jinkiri ba lalacewa ba ce.

Ɗan Mafara: Kun gani? Kwamfuta ta ka kora tai. Maganata ta hito.

Dattijon Harshe: Kafin ka ƙirƙiro mana kalma, ɗana, ka fara rubuta daidaitacciyar Hausa. "Tahiya" da "hito" ba sa shiga takardar makaranta. Kuma aure ba abin wasa ba ne da za a liƙa wa roba da batir.

Ɗan Mafara: Baba, da girmanka, wa ya daidaita ta? Kananci anka ɗauka anka ce shi na daidai. Mawaƙan da ƙasar Hausa duka ka tinƙaho da su, da wace Hausa sunka yi waƙa? Mu nan ba mu aro Hausa ga kowa ba.

Mai Fassara: Ba a raina Zamfarci ba, Malam. Ƙa'idar rubutu daban, zaƙin baki daban. Kai ma Baba, in muka kori kibod sai mu kori tebur da batir da mota, har da allon naka, shi ma daga Larabci ya shigo.

Dattijon Harshe: Aron da ya kwana ɗari ya zama ɗan gida. Kibod jiya ya sauka. Ita kuma Bluetooth fa, haka za ku bar ta?

Injiniya, Kaura Namoda: Suna ne, Baba, laƙabin Harald, wani sarkin Denmak na ƙarni na 10. Ba za mu rubuta "shuɗin haƙori" ba, ɗalibi zai nema a kwamfuta bai gani ba.

Ƙorafina a kan makarɓi ne. Dongle ba karɓa kaɗai yake yi ba, yana mayar da amsa, shi ya sa kibod ke sanin saƙo ya isa ko ya sake turawa. Kuma a gaya wa ɗalibai yawancinsu daga masana'anta aka haɗa su da kibod ɗinsu, in ya ɓata na wani ba zai yi ba. Na Logitech Unifying, mai alamar tauraro ruwan lemo, shi kam yana karɓar na'ura har 6, kuma ko shi ba ya jituwa da Logi Bolt na kamfani ɗaya.

Malamar Kwamfuta, Gusau: To yaushe ne ake sake pairing ɗin?

Mai Gyara, Tudun Wada: A ƙarshe, Hajiya. In kibod mai maɓallan sauya na'ura 1, 2, 3 ne, a fara duba ko ya koma kan wayar wani da aka taɓa haɗa shi da ita, a kashe Bluetooth ɗin wayar a gani. In ba haka ba, a cire shi daga jerin na'urori, a danne maɓallin haɗi har fitila ta kama ƙiftawa da sauri, a sake haɗawa, a sabunta direba, wato manhajar da ke sarrafa na'urar. Sannan a gwada shi a wata kwamfutar. In can ma yana ɗaukewa, laifin kibod ne ko dongle. In ya zauna lafiya, a koma kan ta farko.

Malamar Kwamfuta, Gusau: Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan rubuta. Allon madannai maras waya a kanun babi, kibod a cikin bayani. Pairing ƙulla haɗi, gogewa warware haɗi, disconnect ɗaukewa, kamar yadda muke cewa wuta ta ɗauke. Yaji ba zai shiga takarda ba, amma zan faɗa a aji.

Ɗan Mafara: Ƙulli dai ɗauri na. Kun ɗauki tawa kun sake mata riga.

Dattijon Harshe: Ƙulla da warware na yarda. Kibod ban yarda ba, a rubuta cewa ban yarda ba.

Malamar Kwamfuta, Gusau: An rubuta, Baba. Saura dongle. Makarɓi zan sa in ba a kawo wata ba kafin daren Lahadi.

Injiniya, Kaura Namoda: Sa makarɓin, amma ki ƙara layi ɗaya a ƙasa cewa yana aikawa ma.