An mayar da ni aiki Ikeja daga Kano: a wace unguwa ya dace in sauke iyalina?

Baban Yara Huɗu ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Wurin aikinmu ya yi mini sauyi daga Kano zuwa ofishinmu da ke Ikeja a Jihar Legas, kuma an ce in kama aiki a farkon wata mai zuwa. Ina da mata da 'ya'ya huɗu: babbar tana aji 3 a ƙaramar sakandare, biyu suna firamare, autan kuwa bai isa shiga makaranta ba.

Shawarar da nake samu ta rabu gida uku. Dangi a nan Kano sun nace cewa in nemi gida a Agege, domin can ne jama'armu suke, kuma maiɗakina ba za ta ji kewar gida sosai ba. Abokan aikin da suka riga ni zuwa sun ce in matsa kusa da ofis, wajen Ogba, ko da kuɗin hayar zai yi mini nauyi. Wani kuma ya ce in tsallaka Jihar Ogun, wajen Ibafo ko Mowe, inda ake samun gida mai yalwa da farfajiya a kan kuɗin da bai kai na Ikeja ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne karatun yara, na boko da na Islamiyya, sai kuma suturar iyali, domin mun saba da gida mai zaure da tsakar gida. Ina roƙon waɗanda suka san garin su haska mini hanya.

Dattijon Agege ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya sa wannan sauyi ya zama alheri. Danginka ba su yi ƙarya ba a kan Agege, domin zaman Hausawa a nan ya samo asali tun zamanin fataucin goro da shanu, layin dogo kuma ya ƙara masa ƙarfi, har ta kai muna da Sarkin Hausawa da masallatan da ake yin wa'azi da Hausa. Maiɗakinka za ta sami gero da dawa da kuka da daddawa ba tare da ta yi nisa ba, ga mayankar Oko-Oba a kusa, kuma idan haihuwa ko rashin lafiya ko rasuwa ta zo, akwai mutanen da za su tsaya muku kamar a gida. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga baƙo. Ta fuskar karatun addini ma, makarantun Islamiyya da na allo suna da yawa, kuma a nan Markaz yake, wato makarantar Larabci da addinin Musulunci da Shehu Adamu Al-Ilori ya kafa.

Sai dai ina so ka san irin ginin da za ka tarar. Yawancin tsofaffin gidajen haya na cikin unguwa ɗakuna ne a jere suna kallon juna, da siririn lungu a tsakiya, inda za ka ga risho da bokitai da takalman kowa a ƙofar ɗakinsa, kuma banɗaki da wurin girki na tarayya ne a bayan gida. Mace da ta saba fitowa tsakar gidanta ba tare da ta yi lulluɓi ba za ta takura ƙwarai a irin wannan wuri, kuma ba na ba mai 'ya mace budurwa shawarar ya kama shi, komai arharsa. Abin da ya dace da kai shi ne sashe mai cin gashin kansa, da ƙofarsa da banɗakinsa da ɗakin girkinsa, kuma an fi samun irinsa a gefen unguwar, wajen Oko-Oba da Ifako da Iju, fiye da cikin tsakiyarta.

Game da zuwa aiki, Agege da Ikeja maƙwabtan juna ne. Gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021 ta rage cunkoson da ake yi a mahaɗar layin dogo, kuma jirgin ƙasa na Jan Layi da ya fara aiki a 2024 yana tsayawa a Iju da Agege da Ikeja. Ka kuma tuna cewa tun watan Yunin 2022 aka hana acaɓa a ƙaramar hukumar Ikeja, saboda haka kada ka gina lissafinka a kan cewa babur zai riƙa kai ka bakin ofis.

Malamar Firamare ta amsa:

Ɗan'uwa, ni ta ɓangaren yara da mahaifiyarsu zan yi magana, domin na lura cewa idan maza suka zauna zaɓen unguwa, nisan ofis suke aunawa, alhali kuwa kai fita ɗaya kake yi ka dawo da dare, su kuwa a unguwar za su wuni.

Da farko, ina ganin bai kamata ka taɓa babbar 'yarka ba sai ta rubuta jarrabawar kammala ƙaramar sakandare a Kano. Makarantar da take ciki ita ce ke yi mata rajista, ita ce kuma ke riƙe da makin gwaje-gwajenta, kuma yarinyar da aka ɗauke a tsakiyar shekarar jarrabawa aka kai ta sabon gari da sababbin malamai tana shan wahalar da ba ta zama dole ba. Shekarar karatu tana ƙarewa a watan Yuli ta sake farawa a Satumba, don haka dogon hutun nan shi ne lokacin tashi. Ka karɓo musu takardar sauyin makaranta da sakamakon zangunan da suka wuce kafin ku baro Kano, domin neman su daga nesa yana cin lokaci.

Abu na biyu shi ne harshe. Tun 2018 akwai doka a Jihar Legas da ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantu, na gwamnati da masu zaman kansu, saboda haka yaranka za su haɗu da shi a aji ko sun so ko ba su so ba. Ban ɗauki wannan a matsayin matsala ba, hasali ma riba ce, kuma 'yan firamare sukan kama shi cikin sauri a wurin wasa. Amma a nan ne nake ɗan saɓa wa Baba Dattijo, tare da girmamawa: idan kuka shige tsakiyar jama'armu kuka rufe ƙofa, maiɗakinka za ta iya shekara da shekaru a Legas ba ta iya cinikin tumatir da Bayarabiya ba, kuma ranar da yaro ya yi zazzaɓi da rana kana ofis, ita ce za ta tsaya gaban ma'aikaciyar jinya ta yi bayani. Unguwar da ke gauraye, wadda kuma Agege ba ta yi mata nisa ba, ta fi dacewa a ganina.

Idan ka sami gidan da ya kwanta maka, ka taka da ƙafarka daga ƙofarsa zuwa makarantar boko da Islamiyya da kake so ka sa su. Idan sai yaro ɗan aji 2 ya tsallaka babban titi irin na Legas zuwa Abekuta kafin ya isa, to gidan bai yi ba, ko da fentinsa sabo ne. Ka duba kuma nisansa da asibiti. Akwai babban asibitin gwamnati a Orile Agege da wani a Ifako-Ijaiye, ga kuma asibitin koyarwa na jami'ar jihar a Ikeja.

Ma'aikaci Daga Katsina ya amsa:

Yallaɓai, a kan batun Ogun zan tsaya. Gaskiya ne gidajen Arepo da Magboro da Ibafo da Mowe sun fi yalwa, amma duka sun rataya ne a kan hanya ɗaya, wato babban titin Legas zuwa Ibadan. Duk ranar da tirela ta faɗi a kan doguwar gadar da ke kusa da kasuwar shanu ta Kara, ko kuma aka yi babban taro a ɗaya daga cikin sansanonin ibada da ke kan hanyar, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba sai ta cinye maka rabin yini. Mutanen da ke zaune a can da yawa suna fita kafin asuba su yi salla a hanya, su dawo bayan isha'i yara sun yi barci. Idan ka haɗa kuɗin mota na wata da wannan gajiya, rangwamen hayar ba ya kai yadda ake faɗa.

Sai batun ruwa, wanda mu mutanen Arewa ba mu saba auna shi yadda ya kamata ba. Damina a nan tana da ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba, kuma a wannan zagaye na biyu ne ake sakin ruwa daga madatsar Oyan, Kogin Ogun ya cika ya shiga unguwannin da ke bakinsa, irin su Isheri da Kara da wasu sassa na Mile 12. Idan ka je duba gida, ka durƙusa ka kalli gindin katanga ta waje da bayan ƙofofi: ruwan da ya taɓa kwanciya yakan bar layi mai launin ƙasa, kuma idan ka ga an yi wa ƙasan bango sabon fenti an bar samansa, ko an ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu, ka san akwai dalili. Mai shagon da ke kan layin zai gaya maka abin da dillali ba zai faɗa ba. Ka kuma sanar da ofishinku adireshinka na gaskiya, domin harajin albashi yana zuwa ne ga jihar da mutum yake zaune, ba wadda yake aiki a cikinta ba.

Dattijon Agege ya ƙara da cewa:

Malama ta yi gaskiya a kan harshe, kuma abin da ya sa na ambaci Ifako da Iju ke nan. Zan ƙara magana a kan kuɗi. Bayan hayar shekara, za a nemi ladan dillali da kuɗin rubuta yarjejeniya, waɗanda bisa al'ada kowannensu kashi 10 cikin 100 ne na hayar, sannan da kuɗin ajiya saboda ɓarna, kuma wasu dillalan sukan wuce haka idan suka ga baƙo ne mai gaggawa. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, in ban da a Apapa da Ikoyi da Victoria Island da GRA ta Ikeja, waɗanda dokar ba ta shafa ba, don haka idan aka ce sai ka biya shekara biyu kana da bakin magana. Kada ka tura ko sisi daga Kano saboda hoton da aka aiko maka a WhatsApp. Ka ga mai gidan ido da ido, ka biya ta asusun banki mai sunansa, ka karɓi rasit. Ka tambaya ko sashen yana da mitarsa mai kati shi kaɗai, ko akwai tsohon bashin wuta a kansa, sannan ka buɗe famfo ka ga launin ruwan rijiyar burtsatsen da idonka.

Baban Yara Huɗu ya amsa:

Allah ya saka muku da alheri, Baba da Malama da ɗan'uwana na Katsina. Na tattauna da maiɗakina, kuma mun tsaya a kan cewa zan fara tafiya ni kaɗai in sauka wurin wani abokin aiki, su kuma su zauna a Kano har babbar ta gama jarrabawa. Hakan zai ba ni damar ganin Oko-Oba da Ifako da Ogba a cikin damina kafin in biya kuɗin kowa. Batun Mowe kuwa na ajiye shi. Abin da ya rage mini shi ne kaya: shin ya fi sauƙi in ɗauki hayar mota ta kawo gadaje da kujeru da firji daga Kano, ko in sayar da su a nan in sayi wasu idan mun sami gidan?