Shawarwari Kan Tara Kan Sarki Mai Furannin Tsibirai

Masu sha'awar tara kan sarki a Maraɗi sun tattauna kan masu ɗauke da hoton furannin tsibiran wurare masu zafi, kuma abin da aka fi jaddadawa shi ne kada mutum ya ɗauka duk furen da ya gani a kan sarkin wani tsibiri ɗan asalin wurin ne. Bugenbiliya, alal misali, daga Kudancin Amurka aka kai ta tsibirai da dama, amma Trochetia boutoniana, wadda ƙasar tsibirin Moris (Mauritius) ta ayyana furen ƙasa a 1992, asalinta dutsen Le Morne ne. Haka ma farin furen Angraecum sesquipedale na Madagaskar, mai doguwar jela wadda zaƙinsa ke taruwa a ƙarshenta. Saboda haka aka ce a riƙa karanta sunan Latin da akan buga da ƙananan haruffa kusa da hoton, a bincika shi kafin a saya.

Batun adanawa ya fi ɗaukar lokaci, kuma a ganina da gaskiyarsu, domin laimar damina takan narkar da gam ɗin bayan kan sarki har ya manne wa takarda, ƙurar hunturu kuma ta dusashe launi. A riƙe shi da hantsaki maras kaifi, a ajiye littafin da ake jera su a ciki a tsaye cikin akwatin ƙarfe, nesa da bangon da gara ke bi. Wanda ke jikin ambulan, a jiƙa shi cikin ruwan sanyi har ya saki da kansa, sannan a shanya a inuwa.