Ƙwaro ya fito daga yaɗon kankana, wa ya san sunansa?

Mai Lambu: Assalamu alaikum jama'a. Yaɗon kankanata a Kadawa ke ta bushewa, da na tsaga sai ga tsutsa a ciki. Na rufe yaɗon a bokiti, yanzu ƙwari sun fito: kamar santimita ɗaya, ruwan ƙasa da ɗigon fari a baya, ƙahonninsu sun wuce rabin jiki. Ina zan kai a gane min su?

Ɗalibar Samaru: Wa alaikumus salam, Malam. Dangin Cerambycidae ke nan, wato ƙwari masu dogon ƙaho. Sa madubin ƙara girma ka dubi kan. In fuskar a tsaye take, baki na kallon ƙasa, to reshen Lamiinae ne. Tunda daga kankana suka fito, na fi zaton Apomecyna, masu huda yaɗon kabewa da danginta.

Ɗan Damagaram: Ɗauki hoto ta sama, ta gefe da ta fuska, da rula a kusa, ka ɗora a iNaturalist, shafin intanet da ake gane halittu ta hoto.

Tsohon Malamin Gona: Hoto zai kai ka ga dangi, ɗana, amma da wuya ya ba ka ainihin nau'in. Ƙananan nan kamarsu ta yi yawa. Masanin ƙwari Stephan von Breuning kaɗai ya raɗa wa dubbai suna, bayanin nasa kuma sau da yawa gajere ne, samfuran asali, wato ƙwarin da aka raɗa sunayen da su, na can gidajen adana kayan tarihi na Faris, Landan da Tervuren ta Beljiyam. Sai an gwada ƙwaro da ƙwaro. Don haka ka fara da adana su. Allura ta shiga murfin fiffiken dama, wanda ya yi ƙanƙanta a manna shi a ɗan kati. Ka rubuta wuri, kwanan wata da shukar da ya fito, wannan takardar ita masana ke fara nema. Ka jefa kafur a akwatin saboda kiyashi.

Ɗalibar Samaru: Gaskiya ne, Baba. Tsutsar kuma a sifirit mai ƙarfin kashi 70. Malam, ka kawo sashen kare amfanin gona na ABU a Samaru, akwai ma'ajiyar ƙwari. In ba a dace ba, cibiyar binciken noma ta IITA na da babba a Kwatano ta Jamhuriyar Benin.

Mai Lambu: Allah Ya saka da alheri. Sauran yaɗon fa?

Tsohon Malamin Gona: Tumɓuke wanda ya bushe ka ƙona tun yau, tsutsa na ciki. Amma ka ware guntu biyu ka tafi da su Zariya.