Haɗa wa injin wankin kafet mai da salansa a cikin bas Hiace

Mai Kafet Gwarinpa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Akwai injin wankin kafet ɗan Amurka, na hannu, ƙirar Prochem, irin wanda ake ɗaurewa a cikin mota, yana da injinsa na fetur ƙirar Kohler mai silinda biyu da kafireta. Za a ɗaura shi a Hiace Homa mai fetur. Bakanike ya ce a tsaga tiyon man motar a sa masa reshe kawai, mai walda kuma ya ce a huda ƙasa a fitar da hayaƙin da bututun inci ɗaya da rabi. Aikin yawanci masallatai ne da otal. Haka ya yi, ko da gyara?

Oga Sule Bakanike:

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yarda da maganar reshen nan. Homa mai fetur injekta ce, famfonta yana cikin tanki, yana tura mai da ƙarfin da ya kai kusan psi 40 (psi ma'aunin ƙarfin turawa ne). Kafireta kuwa psi 2 zuwa 4 take so. In mota tana kunne, wannan ƙarfin zai danne allurar kafireta, mai ya cika ta ya tumbatsa, wani ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi, wani ya zuba a kan inji mai zafi. In kuma mota tana kashe, wanda haka za ta kasance duk lokacin da kake aiki, to sai injinka ya riƙa zuƙo mai ta cikin famfon da ba ya juyawa. Zai tashi, ya yi minti kaɗan, ya fara shaƙewa da zarar ka ɗora masa nauyi.

Injin yana buƙatar hanyarsa ta kansa daga tanki. A cire kan batir tukuna, a tsiyaye mai, a sauke tankin. A kwance murfin da famfon motar yake rataye a jikinsa, a kai shi kan benci nesa da tankin, a can za a huda shi. Ba a huda komai a jikin tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, ko da an ce an wanke, tururin da ya rage ya isa ya tashi. A ramin a sa siririn bututun ƙarfe mai noti sama da ƙasa da zoben robar da fetur ba ya ci. Ban da silikon, fetur yana narkar da shi ya koma majina ya toshe kafireta. A duba kada bututun ya tokare hannun abin nan mai yawo da ke nuna yawan mai, in ba haka ba allurar gaban direba ta fara ƙarya.

Tsawon bututun shi ne wurin da ake yawan kuskure. Kada ya kai gindin tanki. A yanke shi ya tsaya inda zai bar kwata. Tankin Homa lita 70 ne, ka ga za a bar maka wajen lita 17. Amfaninsa biyu: injin wanki zai mutu kafin ya shanye man da zai mayar da kai gida, sannan ruwa da dattin da suka kwanta a ƙasa ba za su hau ba. Irin wannan inji yana shan lita 4 zuwa 6 a awa, sai ka yi lissafin aikinka da haka.

Daga bututun sai filta, sannan famfon lantarki mai aiki da wutar batir ta bolt 12, mai ƙaramin ƙarfi. Filta kafin famfo, ba bayansa ba. A ɗaure famfon a jikin shasi a waje, kusa da tanki kuma ƙasa-ƙasa, domin waɗannan famfunan sun iya turawa amma ba su iya janyowa daga nesa ba. Tiyo ya zama na mai na gaske, wanda aka rubuta 30R7 ko 30R9 a jikinsa, faɗin da ya yi daidai da bakin filtar injin. A kama shi da kilif duk bayan santimita 30 zuwa 40. Inda zai ratsa ƙasan mota a sa mahaɗin ƙarfe mai noti, kada a zura tiyo tsirara ta ramin kwano, girgiza za ta yanka shi a hankali. Wayar famfon ta bi ta fiyus da makullin injin wankin, in da hali ta bi ta na'urar ƙarfin baƙin mai, yadda in inji ya mutu famfo ma zai tsaya.

Injiniya Hadiza:

Oga Sule ya gama da mai, bari in taɓa hayaƙi. Inci ɗaya da rabi ya yi kaɗan ƙwarai. Mai waldan yana kallon abin kamar salansar janareta ne. A yawancin waɗannan injinan, hayaƙin yana bi ta tukunyar da ke ɗumama ruwa, sannan ya haɗu da duk iskar da buluwa, wato na'urar zuƙar iska, ta zuƙo daga kafet, su fito ta baki ɗaya. Auna wannan bakin, za ka same shi wajen inci 2 da rabi ko 3. Duk abin da za a ƙara masa kada ya gaza haka, kuma a rage lanƙwasa. In aka matse shi, iska tana komawa baya: zuƙa ta ragu a bakin sandar wanki, kafet ya ƙi bushewa, buluwa ta yi zafi, bel ya fara ƙauri, bawul ɗin injin su ƙone.

Ni ban cika son huda ƙasa ba. An ƙera injin ne ya fuskanci ƙofar gefe, hayaƙi ya fita waje kai tsaye, ƙofofi a buɗe. In dole sai an bi ta ƙasa, ramin ya fi bututun faɗi da aƙalla santimita 2 ko 3 ta kowane gefe, a kewaye shi da farantin ƙarfe da abin tare zafi, a sa guntun bututu mai lanƙwasuwa na ƙarfen da ba ya tsatsa tsakanin inji da bodi saboda girgiza. Bututun ya ɗan karkata ƙasa domin iskar tana ɗauke da danshi. Bakinsa kuma ya leƙo waje ta gefen mota. In aka bar shi yana hurawa a ƙarƙashi, zafin yana taruwa ya gasa tanki da tiyon mai da layin birki, hayaƙin kuma ya taso ya sake shiga ta ƙofa, inji ya shaƙi nasa. A zafin Maris da Afrilu wannan kaɗai ya isa ya sa fetur ya tafasa a cikin tiyo, inji ya mutu ya ƙi tashi sai ya huce. Mai ya bi gefe ɗaya, hayaƙi ya bi ɗayan.

Tunda ka ce masallatai, ka kula da inda kake ajiye motar. Iskar da ke kashe mutane a hayaƙin janareta, kabon monoksaid, ita ce a nan, ba ta da wari ba ta da launi. Tiyon wanki yana shiga ta ƙofa, don haka ƙofar ba ta rufuwa. Bakin salansa ya ba wa ginin baya, nesa da taga da injin sanyaya ɗaki, kuma ka duba ina iska take kaɗawa. Ban da gareji, ban da rumfa mai bango uku, ban da wurin ajiye motoci na ƙarƙashin otal. Mai riƙe da sanda ya rataya na'urar auna iskar mai nuna lamba. Irin ta gida tana iya jiran awa ɗaya zuwa huɗu a kan lamba 70 (ppm, ma'aunin yawan gubar a cikin iska) kafin ta yi ƙara. In lamba ta kai 35, a kashe inji a fita. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya a tsakiyar aiki ba gajiya ba ce sai an tabbatar.

Mai Kafet Gwarinpa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. In na ɗan fara da jarka a cikin motar kafin a sauke tankin fa?

Oga Sule Bakanike:

A'a, Malam. Jarka tana fitar da tururi, tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan mota daidai inda batir da kik suke tartsatsi. Wanda motarsa ta dizal ce ma, tanki na biyu ake ɗaure masa a ƙarƙashi, numfashinsa a waje. Kuma kafin a huda ramukan notin da za su riƙe injin, a leƙa ƙasa a yi alama, a sa wa bakin dirila abin tsayarwa, tankin yana dab da kwanon. Notin ya ratsa har ƙasa da farantin ƙarfe a bayansa, ba sukurun kwano ba. Bayan an gama a kunna famfo inji yana kashe, a bi kowane mahaɗi da farar takarda a ga ko za ta jiƙe. Tukunyar kashe gobara mai hoda ta zauna kusa da ƙofa, ba a bayan tankin ruwa ba.