Babur ɗin ƙanƙara: wa ya taɓa ƙara wa kan babur ɗin tsayi, me ya gani?

Ɗan Katsina a Timmins

Assalamu alaikum jama'a. Shawarar waɗanda suka taɓa hawa da kansu nake nema. Wannan ne hunturuna na uku a Timmins, arewacin Ontario a Kanada, ina aiki a mahaƙar zinariya. A watan Nuwamba na sayi babur ɗin ƙanƙara na hannu a wurin wani abokin aiki. Tsohon yayi ne, ƙirar wajen shekarar 2000, mai dogon hanci da mazauni can baya.

Ni dogo ne, ƙafa shida da inci uku. In na zauna gwiwoyina sai su taso, in na murɗa kan babur ɗin zuwa dama harshen totur ya riƙa gogar gwiwata. Idan hanya ta yi kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa, nakan so in miƙe tsaye, amma kan ya yi ƙasa, dole in duƙa. Ranar Asabar na yi kilomita 60, da dare da ƙyar na iya ruku'u saboda ƙugu. Ga shi kuma kan yana da nauyin murɗawa, sannan a kan hanyar da aka daddale yana fizgata hagu da dama ba tare da na ce masa ba.

Na ga ƙarfen ƙarin tsayi a shago, wanda suke ce wa raiza, mai inci shida. In saya? Zai magance duka ukun?

Ɗan Damagaram a Saguenay

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka sayi komai ka ji abin da ya same ni. Hunturu biyu da suka wuce na sa raiza mai inci biyar da hannuna, a garejin gidan da nake haya. Na ɗaure notuna tamau, na hau na zauna, tsayin ya yi mini daidai. Ban lura ba ashe wayar totur ta miƙe kamar tsarkiyar baka.

Da safe na tayar da shi a tsakar gida, na murɗe kan gaba ɗaya zuwa hagu don in bi ta ƙofa. Sai injin ya ɗaga murya da kansa, yatsana bai ko taɓa totur ba. Wanda ya saba da moto irin ta gida zai ce a kama kuloci. Wannan ba shi da kulocin hannu, ba shi da firi. Da zarar inji ya hau, bel ya kama, tafiya ce kawai. Ya zabura ya nufi shingen maƙwabci, ni na faɗi gefe. Igiyar nan da ake maƙalawa a jikin riga, wadda ke fizge makulli ta kashe inji in mutum ya faɗo, ita Allah ya sa ta tsayar da shi. Yarana biyu suna tsaye a bakin ƙofa, taku kaɗan daga inda ya bi. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Makaniken Thunder Bay

Allah ya ƙara kiyayewa, Malam na Saguenay. Abin da ya same ka nakan ga irinsa a gareji kusan duk shekara. Wasu injinan suna da wani ɗan maɓalli da ke kashe wuta in totur ya buɗe alhali ba a danna harshensa ba, amma ba duka ba ne, kuma a babura na hannu sau da yawa za ka tarar wani ya riga ya cire shi.

Ƙanena na Timmins, matsala uku ka lissafa, kuma ɗaya ce kaɗai raiza za ta taɓa. Bari in bi maka yadda abin yake daga hannunka zuwa ƙasa. Kan yana ɗaure a bisa sandar sitiyari. Sandar ta sauka ta gaban inji ko ta samansa, a gindinta akwai ɗan hannun ƙarfe da ke tura tayarod biyu, ɗaya hagu ɗaya dama. Kowane tayarod yana juya ƙafar da ke riƙe da siki, wato dogayen takalman nan biyu na gaba. A ƙarƙashin kowane siki akwai siririn ƙarfe mai kaifin kabayid, shi ne ke cizon ƙanƙara. Juyawa gaba ɗaya a wannan kaifin take. Duk tsayin da ka ƙara a sama bai canza komai a can ƙasa ba. Faɗin kan ne ke ba hannu ƙarfin murɗawa, tsayi ba ya bayarwa.

Nauyin da kake ji yawanci daga nauyin da ya danne siki ne. A cikin ƙafar baya, inda babban bel mai haƙora yake zagayawa, akwai sifirin na tsakiya da wata ɗamara da ke riƙe gaban ƙafar. In an gajarta ɗamarar, ko sifirin ya yi laushi, nauyi sai ya koma kan siki, kai ya yi tauri. A ɗan ƙara wa sifirin ƙarfi, ko a saki ɗamarar rami ɗaya, za ka ji kamar an sauke maka kaya. Kada dai a wuce gona da iri, don in siki ya yi sakayau sai ka murɗa a kwana babur ya miƙe abinsa. Ka kuma ba ƙafafun siki giris, tsofaffin nan suna bushewa.

Fizgar nan kuwa, kaifin sikinka ne ke faɗawa cikin sawun waɗanda suka riga ka wucewa yana bin su. Ka miƙar da kan, ka auna tsakanin siki biyu ta gaba, ka auna ta baya. Gaba ya kamata ya ɗan fi buɗewa, kamar milimita uku, amma ka duba littafin injinka. In bakin ya tsuke ciki, to ga ɓarawonka. Ka kwantar da babur ɗin ka duba ƙarfen ƙasa, wataƙila ya lanƙwashe ko ya cinye. Akwai mai kaifi biyu a jere, yana rage wannan fizga sosai.

Sai maganar tsayi. Ƙirar da ka saya don zama aka yi ta. A 2003 ne Ski-Doo suka fito da ƙirar REV, suka matso da mahayi gaba kusan ƙafa guda, suka ɗaga mazauni, ta yadda gwiwa ke ƙasa da ƙugu kuma tashi tsaye ya zama da sauƙi, sauran kamfanoni suka bi sahu. A kan tsohuwar ƙira ƙafafunka suna gabanka, ko inci goma ka ƙara tsayuwa ba za ta yi daɗi irin na sabuwa ba. Inci biyu zuwa uku nake ba ka shawara. Shida ya yi yawa: sai ka sake wayar totur da tiyon birki, ka ƙara wa wayoyin ɗumama hannu tsawo, sannan doguwar raiza tana wahalar da sandar sitiyari. Na taɓa cire wadda ta tsage a gindi saboda haka.

In ka ɗaura, raiza ta bi layin sandar, kada ta kwanta gaba ko baya da yawa, in ba haka ba kan zai riƙa yin lilo maimakon juyawa. Ka gyara zaman harshen birki da na totur su dace da yatsunka. Daga nan ka ɗaga bayan babur ɗin bel ya bar ƙasa, ka maƙala igiya a rigarka, ka tayar, ka murɗa har ƙarshen hagu, har ƙarshen dama, kana saurare. In muryar inji ta motsa ko kaɗan, kashe.

Maman 'Yan Biyu a Thompson

Sannunku. Ni matsalata kishiyar ta Malam na Timmins ce. Nas ce ni a arewacin Manitoba, tsayina bai wuce ƙafa biyar da inci ɗaya ba. Maigida ya sayi wanda tsohon mai shi ya riga ya ɗaga wa kai, muna fita da shi Paint Lake kamun kifi ta ramin ƙanƙara. Ranar da na fara tuƙawa hannuwana sun kusa kai kafaɗa. In na murɗa hagu, mariƙin dama ya yi nisa sai na miƙa jiki duka, yatsa yana zamewa daga totur. In na murɗa dama, harshen totur ya taho daidai ƙirjina, ga rigar sanyi mai kauri, sau ɗaya har ta danna shi. Na tsorata ƙwarai.

Abin da ya fi damuna shi ne hannu. Kan ya fi gilashin gaba tsayi, iska tana dukan yatsu kai tsaye. A sanyin digiri 30 ƙasa da sifili, tafin hannu yana ɗumi saboda mariƙi mai wuta, bayan yatsu kuwa sun yi fari fat. A wurin aiki na ga abin da sanyi ke yi wa yatsu, ba na wasa da shi. Muka cire raiza aka mayar da kan yadda ya zo, aka ɗan kwanto shi wajena. Duk gidan da mutum biyu ke hawa babur ɗaya, a auna da gajeren, don dogo yana iya lallaɓawa. Ko a nemi irin wanda ake matsar da kansa gaba da baya ba tare da sifana ba, na ga wasu Ski-Doo da Polaris masu haka.

Tsohon ɗan acaɓa a Rovaniemi

Gaskiya Hajiya ta faɗi. Na yi shekara shida ina acaɓa a Kaduna kafin karatu ya kawo ni Finland, yanzu hunturu huɗu ke nan ina jagorar masu yawon buɗe ido a nan Rovaniemi da ke Lapland, garin da ake ƙera baburan ƙanƙara na Lynx. Baburanmu duka kansu a ƙasa yake kamar yadda ya fito daga masana'anta, don baƙi a zaune suke tafiya. Doka a hanyoyin daji kilomita 60 ce a awa, mu da baƙi ko rabinta ba ma kaiwa.

Abin da nake so na Timmins ya lura da shi, in ya taɓa babur a gida, jikinsa zai riƙa yi masa ƙarya. Babur na gida kwantar da shi ake yi ya sha kwana. Wannan ba ya kwanciya. Da ƙarfin hannu ake murɗa shi, kuma a kwana sikin ciki ne ke son tashi sama, sai ka zame da mazaunanka zuwa ciki ka danne shi. In kan ya yi tsayi da yawa, zamewar nan ba ta yiwuwa da kyau, hannun waje ya ƙure. Makon farko kafaɗuna kamar an yi mini duka, har wani dattijo makiyayin barewar ƙanƙara ya nuna mini in daina damƙe mariƙi, in bar gwiwar hannu a lanƙwashe. Kuma kada ka saukar da ƙafa a kwana irin ta acaɓa. Na ga baƙon da ya yi haka, a asibiti ya ƙarasa hutunsa.

Ɗalibi a Kamloops

Yayyena, ku yi haƙuri in ɗan saɓa. Duk maganar hanya kuke yi. Mu da ke zuwa duwatsun Revelstoke, irin su Boulder Mountain da Frisby Ridge, wuni guda a tsaye muke, mazauni na hutawa ne. Baburan dutse tsakanin sikinsu wajen inci 36 ne, wasu ma ƙasa da haka, na hanya kuwa 42 ko 43. An tsuke su ne don a iya kwantar da su a kan siki ɗaya. A dusar da ta kai ƙugu, in kana son zuwa hagu dama kake murɗawa, ka taka matakalar hagu, babur ya kwanta ya zagaya. A can gajeren kai azaba ne.

Amma ni ma na wuce iyaka da farko. Na sa mai tsayi har cibiya, ina hawa gangare sai kan ya tokare ni ya tura ni baya, gaban babur ya yi ta tashi. A gefen tudu kuma hannun da ke sama ya ƙure, ba ni da sauran ƙarfin janyo shi. Na rage inci biyu. Yanzu in na tsaya a matakala da takalmin hawa, mariƙi yana daidai ƙashin ƙuguna, hannu a ɗan lanƙwashe.

Makaniken Thunder Bay

Ba saɓani ba ne ƙanena, aikin ne daban. Kai a tsaye kake kashi tara cikin goma, shi a zaune. Na Timmins, ka auna da takalmi da rigar da kake hawa da su, ba da silifas ba.

Ɗan Katsina a Timmins

Allah ya saka wa kowa da alheri, na dawo da bayani. Yaya na Thunder Bay, kamar kana wurin. Da na auna, bakin siki ya tsuke ciki kusan rabin inci, ƙarfen ƙasan na hagu kuma ya lanƙwashe kamar lauje. Na sa masu kaifi biyu, wani maƙwabci ya taya ni saiti, muka ƙara wa sifirin na tsakiya ƙarfi kaɗan. Fizga ta tafi, nauyin ya ragu sosai tun kafin in taɓa tsayi.

Raiza mai inci biyu na saya. Na ɗaga baya na gwada kamar yadda aka ce, sai da na tabbatar babu kowa a tsakar gida, labarin Malam na Saguenay yana raina. Inji bai canza murya ba, amma tiyon birki yana ɗan gogar wani ƙarfe a ƙarshen dama, na sake masa hanya na ɗaure. Jiya na yi kilomita 80, na yi sallah ba tare da na dafa bango ba. Gwiwa dai har yanzu tana kusa da totur in kwana ta tsananta. Wani ya ce a ƙara wa mazauni soso inci biyu. Akwai wanda ya taɓa yi a tsohuwar ƙira irin tawa?