Abin da na tsinta a hirar zanen gawayi

Jiya bayan la'asar mun zauna da 'yan zane a nan Garwa, ga kaɗan daga abin da aka ce.

Na farko dai wai a daina jiran sai an je fadar Lamiɗo ko gadar Binuwai, shagon mai faci ma da kwanonsa mai tsatsa da wayoyin wuta da suka cukurkuɗe a sama ya isa zane, ni kam wannan ta shige ni. Wani dattijo ya ce “yaro, inuwa kake zanawa ba bango ba”, don haka a fita da sassafe ko yamma, da tsakar rana komai baje yake.

Gawayin murhu yana yi, sai dai a zaɓi mai laushi, mai tauri yana karce takarda. Takardar buhun siminti tana kama shi sosai. Yatsa ko tsumma don murzawa, cikin burodi kuma yana ɗauke baƙi in babu gom, wato robar goge rubutu. Feshin gashi yana hana goguwa amma daga nesa, wasu sun ce yana sa takarda ta yi rawaya, an yi ta musu a kai.

Sannan a yi sallama kafin a zauna ƙofar gidan mutane, barikin soja kuwa ko kusa kar a je.