Albasata tana ruɓewa a ɗaki, ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Na cire albasa a watan Maris, buhu 30, na jibge a ɗaki mai rufin kwano sai ta yi tsada in fitar. Yau sati 5 na kwance buhu ɗaya, wari ya buge ni. Wuyanta ya yi laushi, in ka matsa ruwa ke fita, ƙarƙashin ɓawon kuma ga baƙin gari kamar gawayi. Akwai maganin da zan fesa?

Dattijo daga Aliero, garin manoman albasa a jihar Kebbi: Wa alaikumus salam. Ɗana, yaushe ka yanke mata ruwa?

Mai tambaya: Kwana 3 kafin cira, Baba. Na ma ƙara mata takin yuriya daga baya don ta yi kai.

Dattijo: To tun a gona ta fara ruɓa. Yuriyar ƙarshe ita ke sa wuya ya yi kauri, ya ƙi bushewa, cuta kuwa ta wuya take shiga. Mu sai mun ga ganye ya kwanta, mu yanke ruwa kamar sati 2, sannan mu cire. A baza ta a inuwa mai iska har wuyan ya bushe, ka murza da yatsa ka ji ƙayau. In za ka yanke ganye, bar mata wuya kamar gaɓar yatsa. Yaran yanzu sai su aske ta har kai.

Malamin gona: Baƙin garin nan fumfuna ce, zafi da gumi take so, ɗakin kwano a bazara kuwa kun san yadda yake. Don Allah kar ka fesa komai, abin da mutane za su ci ne, kuma wadda ta ruɓe daga ciki magani ba ya tashinta.

'Yar kasuwa: Malam, zazzage su yau ɗin nan, ka tsince ɗaya bayan ɗaya. Mai laushi ka binne ta nesa da ɗakin. Mai rauni ko kaurin wuya ka kai kasuwa gobe, ko da araha.

Dattijo: Sauran ka ɗaura musu rudu, wato gadon kara, a inuwa, a ɗage daga ƙasa, iska ta ratsa ta ko'ina. Kar ka tula da yawa, kuma duk sati ka duba.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na aika yara su kwaso kara.